Katunan Malam a Gwangwanin Madara

Kankiya, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Karima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da mutanen Kusada baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Na zaɓi takarda don in na ɗauki waya kuka ke riga ni magana. Yau kwana arba'in da shida da rasuwar Malam, takaba ta zaunar da ni, ba ni da aiki sai tunani.

Damuwata ɗiyarki ce, autata Basira. Ta ce ta gama da makaranta, ga jarrabawar fita sakandare ta matso. Kin san ajinsu Malam ke koya wa Turanci. Sau ɗaya ta koma, ta iske wani malami tsaye inda ubanta ke tsayawa, ta dawo ta naɗe kayan makaranta ta sa ƙasan akwati. Baffanta Ummaru ya yi faɗa, ni na yi lallashi, duk ba ta motsa ba.

Jiya ina share ɗakinsa na ci karo da gwangwanin madara cike da katuna, kwalin sabulu ne ya yayyanka. Gaba Turanci, baya Hausa. Da ɗan ajina shida na firamare na haɗa baƙaƙen wani: once in a blue moon. Na dai san moon wata ne. A baya ya rubuta, "Zuwan Kawu Jaji zumunci." Yaya, na yi dariya har na ji kunyar kaina.

Ki sa yarinyar nan a addu'a.

Ƙanwarki,
Haulatu

Kankiya, ranar Juma'a

Yayata Karima,

Sallama da gaisuwa. Kukar da daddawar sun iso hannun direba, Allah ya bar zumunci. A gaida mani Alhaji da jiki.

Na gano kan katunan. Da safe ina damun koko na aje guda gefen Basira, na ce ta taimaki jahila. Ta share ni. Sai na soma karanta shi da ƙarfi yadda na ga dama. Ba ta iya jurewa ba, ta fizge ta ce, "Inna, don Allah ki bar yanka Turancin mutane." Ta ce irin maganganun nan ne na Turawa da in ka bi su kalma kalma sai ka ɓata, kuma suna fitowa a jarrabawa. Na Kawu Jaji nufinsa abin da ba a cika gani ba. To ai shekara huɗu rabonmu da shi.

Kin ga hikimar bawan Allahn nan? Bai taɓa rubuta ma'ana a baya ba, sai sunan wani namu da abin da ya aikata. Ita tana da Turancin, labarin kuwa yana wurina. Akwai spill the beans, baya ya sa, "Nagoggo da kayan lefen Sadisu." Basira ta ce tona asiri ke nan, amma me Nagoggo ta yi? Na ba ta labarin yadda aka ɓoye maganar lefen nan don a ba amarya mamaki, Nagoggo ta je Rimaye gaisuwar haihuwa ta lissafa zannuwan kaf kafin a kawo mata ruwa. Yarinyar nan ta yi dariya, ta farko tun ranar jana'iza.

Yanzu kullum kati ɗaya muke ci da koko. Ta ce ƙa'idar Baba ce, ba a ɗaukar biyu. Shekara ashirin da bakwai ina gidan mutumin nan, ina ganin yana yanka kwali ina mita yana tara mani shara. Ashe haka yake saurarenmu duka.

Kayan makarantar suna akwati har yanzu. Ban sake tada maganar ba.

Taki,
Haulatu

Kankiya, ranar Laraba

Yaya,

Ina yini, ina gajiya? Ina fata ruwan da muka samu shekaranjiya ya kai Kusada. Ki yi haƙuri da shiruna, sai yanzu na samu abin faɗa.

Mako biyar da suka wuce na zaro kati, na juya baya kamar yadda na saba, sai ga sunanta: "Basira, ranar da ta gyara mani rubutu a allo gaban aji." Na miƙa mata. Ta karanta gaban, a chip off the old block. Na tambayi ma'ana, ta ce labari tukuna.

Na gaya mata abin da ba ta sani ba. Ita a zatonta ta kunyata shi ranar, shekara biyu tana ɗauke da wannan. Alhali da ya dawo ko hula bai cire ba ya biyo ni madafa, yana ta faɗi yana ƙarawa, wai yau auta ta kama shi da kuskure cikin yara sittin, kuma daidai ta kama. Ya ce in Allah ya ja kwana, allon nan nata ne.

Ta tashi ta shige ɗaki da katin. Washegari ina alwalar asuba na ji ƙaurin gawayi, na leƙa na iske ta da dutsen guga tana goge farin hijabinta na makaranta. Na ƙara mata ƙosai biyu.

Jiya suka rubuta jarrabawar Turanci. Da ta dawo ta zauna kusa da ni ta biya bashin ma'anar da kanta: ɗan da ya ɗauko ubansa sak. Na ce wannan ai ba sai Bature ya gaya mani ba.

Sakamako na wurin Allah, amma ta zauna ta rubuta. Jibi nake fita takaba, ki zo da wuri. Ki shirya kuma, don Basira ta leƙa gwangwanin ta ce akwai kati mai sunanki, da maganar wani rago ranar suna. Ta ƙi karanta mana sai kina zaune.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Haulatu