Gaisuwar Tsoho a Saman Shafi

Zuwa ga Yaya Alkasim, a Tamanrasset.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Amarya da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Tsoho, ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Mu nan Dungas lafiya lau. Inna tana cikin takaba, ta fara ɗan cin abinci. Ya Kaka ƙafa ce ke damunta, baki kam yana nan da ƙarfinsa. An gama yankan gero, Kawu Maiwada ya zo daga Guci ya taya mu ɗaure dammuna. Zan ɗauki hoton takardar nan in turo ta wayarka, domin in na kira ka kuka zai hana ni magana.

Yaya, na yi ɓarna, kuma da ordinatarka na yi ta, tsohuwar kwamfutar nan da ka mayar sabar ka haɗa da fanon hasken rana a ɗakin soro, mai riƙe da shafukan gidanmu na intanet. Ka tuna a saman kowane shafi ka rubuta cewa Tsoho yana nan lafiya, yana gaida kowa. Tun da muka binne mahaifinmu, ganin layin nan sukata yake yi. Amma ka san hukuncin Ya Kaka: kada wanda ya gaya wa 'yar'uwarmu Hassana da ke aure can garinku rasuwar sai ta sauka lafiya, saboda ɓarin da ta yi bara. Shi ya sa ban taɓa shi ba. Sai dai na ce ranar da ta haihu aka faɗa mata, ba zan zauna ina bin shafuka ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda kake yi, kai mai son wahala.

Na tambayi Malam Sirajo, wanda ke koyar da informatik, wato ilimin kwamfuta, a Magariya. Ya ce akwai dabarar da ake kira SSI. Za ka rubuta gaisuwar sau ɗaya a wani ɗan fishiye, wato fayil, ka sa wa kowane shafi layin da zai kira shi, sabar da kanta ta manna ta a sama duk lokacin da wani ya buɗe. Na bi abin da ya faɗa ta waya. Na kunna abin da ya ce a kunna, na mayar da ƙarshen sunan shafukan .shtml, na sa layin kiran. Da na zo gwaji ina neman abin rubutawa, sai hannuna ya rubuta abin da ke cikin raina, wato Tsoho ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na ɗauka ni kaɗai zan gani. Na buɗe shafi, saman wayam, babu komai. Na goge na sake, na kashe na kunna, na zagi injin, har kai ma ka samu rabonka. Tun Juma'a nake wannan fama.

Jiya Malam Sirajo ya zo cin kasuwa, ya biyo ya duba. Ya ce in nuna masa yadda nake buɗe shafin, na danna fishiyen daga cikin ordinatar kamar kullum. Sai ya ciro wayarsa ya rubuta adireshinmu, ya miƙo mini. Ga rubutun rasuwar nan ɓaro-ɓaro, a kan hoton gona, a kan hoton bikin Hassana, a ko'ina. Ya ce wanda ya buɗe daga ciki bai bi ta hannun sabar ba, shi ya sa ban ga komai ba, amma duk wanda ya shigo ta adireshi an manna masa. Ashe tun ranar farko abin ke aiki.

Nan take na mayar da tsohuwar gaisuwa, wuri ɗaya na gyara duk shafukan suka canza. Abin da na sha wahala a kansa ya yi daidai, ni kuwa sai tunanin Hassana ya faɗo mini. Ka san Hassana, da safe takan buɗe shafin ta saurari muryar Tsoho da ka ɗora a kai, ta turo mini saƙo tana tsokanata. Tun Asabar shiru. Wayarta na shiga, ba ta ɗauka. Mijinta Khalil yana hanya da mota. Ina ta lallashin kaina cewa hadari ya rufe rana a nan, wataƙila batirin sabar ya mutu a lokacin da ta duba, amma zuciyata ta ƙi yarda. Ya Kaka ta ce ina zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ban iya gaya mata ba, tsoro nake ji.

Don Allah Yaya, ka bar duk abin da kake yi ka tafi gidanta yau, ka tafi da Amarya. Kada ka kira. Ka dubi fuskarta kafin ka buɗe baki. In ba ta sani ba, ka ce zumunci ya kawo ka. In ta sani, ka zauna ka gaya mata yadda aka yi, cewa bai sha wahala ba, kuma ita ya tambaya a ƙarshe. Bai kamata ta ji daga inji ba, ita kaɗai a ɗaki da tsohon ciki.

Ka gaida Amarya, da Ammar, da Bahijja. Inna da Ya Kaka da Kawu Maiwada suna gaishe ku. Har in ji daga gare ka, a saman kowane shafi Tsoho yana nan lafiya, yana gaida kowa, kuma wannan karon ni na rubuta da hannuna.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Nazifa