Jarin Baba da Matakalar Bene

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara.

Na raka Baba kamfanin nan mai juya wa mutane kuɗi, ya duba hannun jarinsa. Kin san halinsa, sai da aka goge masa rigar fita kunya, kamar mai zuwa neman aure. Ma'aikaciyar ta juyo mana da kwamfuta tana ta yi masa barka, wai jarin ya ninka ya sake ninkawa, tunda bai taɓa karɓar ribar shekara a hannu ba, kullum cewa yake a mayar a ƙaro masa hannun jari. Ta ce, "Baba, bana ma a mayar?" Ya ƙura wa kwamfutar ido kawai, har na ji kunya.

Da muka dawo, da ƙyar na hau da shi bene. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, irin na Inna.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ya jikin Baba?

Barka da me? Shekara nawa Inna, Allah ya jiƙanta, tana roƙon a sauka daga benen nan a nemi gidan ƙasa, yana cewa, "Bari jarin ya nuna, sai baɗi"? Har ta daina zuwa kasuwa, ta daina leƙa dangi, sai zaman bakin taga. A kafaɗa aka sauko da ita. In na tuna raina ƙuna yake, har da mu da muka ja bakinmu muka yi shiru.

Amma uba uba ne. Ka sa ya sayar. Akwai gidan ƙasa a layinmu, mai shi zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Kada mu sake zuba ido.

Ka gaishe shi.
Yayarka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi masa maganar, na zaci zai ce baɗi. Bai ce ba.

Cewa ya yi, "Auta, ka san abin da nake kallo a kwamfutar yarinyar nan? Shekarun baya. Ashe kuɗin sun isa gida tun uwarku tana taka ƙafarta." Na ce to ai yanzu ma sun isa. Ya ce, "Ita ta yi ta hawa saboda baɗina, ni kuma in sauka in miƙe ƙafa? Wallahi ba zan iya ba."

Ya koma kamfanin ya sayar da komai, ya ce a raba mana ni da ke. Na roƙe shi har na yi hawaye. Kin dai san Baba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki

Auta,

Sallama. Na ba mai gidan haƙuri.

Ka ajiye wa Baba kujera a kwanar matakala, inda Inna take tsayawa ta numfasa. Ina tafe ranar Asabar.

Sai na zo.
Yayarka