Za Su Sa Sunan Ƙanena a Jikin Kwalbar Giya

Hajiya Aina'u, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana da na ƙauyenmu, domin abin da zan faɗa miki ko matata ban faɗa wa ba. Ni malamin makarantar sakandare ne a ƙasar Kunci. Mahaifinmu malamin allo ne kuma manomi, ya haura shekara saba'in. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Ina da ƙane da zan kira shi Zaharaddini a nan, kodayake ba sunansa ke nan ba. Shi ne autanmu, kuma kusan a hannuna ya tashi.

Tun yana yaro Zaharaddini yake son shuka. Duk gwangwanin da aka yar a gidanmu sai ya cika shi da ƙasa ya binne wani ƙwallo a ciki. Ya karanta aikin gona, Allah ya ba shi sa'a ya samu tallafin ƙaro karatu a Afirka ta Kudu. Da ya gama bai dawo ba, sai ya samu aiki a wata gonar inabi da ke wani kwari can bayan birnin Cape Town. Yakan turo mana hotuna: kunya-kunya na inabi har iya ganin ido, ga duwatsu a baya, ga shi tsaye da almakashin aske rassa yana murmushi. Baba ba ya riƙe babbar waya, don haka tawa nake kai masa. Yakan daɗe yana kallo, sannan ya ce a nuna wa duk wanda ya shigo zaure. Ya sha faɗa wa mutane cewa ɗansa yana noman ɗan itacen da Allah ya ambata a cikin Alƙur'ani. Da abin da yaron yake aikowa aka yi wa zauren karatun Baba rufin kwano.

A daminar da ta wuce, ana tsakiyar noma na biyu, aka bugo mini waya cewa mota ta kife da shi a hanyar gari, kuma kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Musulmin garin suka yi masa sutura suka binne shi a maƙabartarsu. Mu dai a waya muka ga kabarin. Baba bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya yi wa mutane nasiha, har ana yaba ƙarfin imaninsa. Amma ni da nake gidan na ga abin da ya biyo baya. Ya daina zuwa gona, geron bana ma mu muka girbe bai leƙa ba. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. In yana biya wa ɗalibai karatu sai ya tsaya a tsakiyar aya, har sai wani ya ja masa.

Ana cikin haka mai gonar ta neme ni. Wata dattijuwar Baturiya ce, mijinta ya mutu, ita take riƙe da wurin. Ta yi mini ta'aziyya tana kuka. Ta ce tana so ni da Baba mu zo mu ga kabarin, mu ga inda ya zauna, ita za ta ɗauki nauyin jirgi da masauki. Ta ce mu bari sai lokacin girbin inabi, wajen watan Fabrairu, saboda akwai wani fegi da Zaharaddini ya dasa da hannunsa, bana ne zai ba da 'ya'yansa na farko.

Hajiya, ranar da na faɗa wa Baba wannan magana, ranar ya cinye abincinsa. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba ya hau mota muka je Kano aka yi masa fasfo. Ya sa an ɗinka masa sabuwar riga. Ya je kasuwar hatsi ta Dawanau da kansa ya zaɓo gero mai kyau, ya ce tsaraba ce ga matar da ta riƙe masa ɗa. Na ce masa mai yiwuwa ba za a bari mu shiga da shi ba, ya ce a bari dai a gani. Kullum sai ya tambaye ni ko bizar ta fito. Yanzu ta fito.

Kwanan baya matar ta kira ni ta bidiyo don mu tsara yadda ziyarar za ta kasance. Tana ta murna, ta ce za a zaga da mu gonakin kwarin, sannan ta ɗaga wayar ta shiga wani dogon ɗaki mai sanyi cike da ganguna na katako. Sai a lokacin na gane. Inabin nan ba na ci ba ne, matse shi ake yi a yi giya, kuma duk kwarin sana'arsa ke nan, har baƙi suke zuwa daga ƙasashe don ɗanɗanawa. Kafin in dawo cikin hayyacina ta ce ta tanadar mana wani abin farin ciki: giyar da za a yi da inabin fegin Zaharaddini za a sa mata sunansa, kuma tana so Baba ya kasance a wurin ranar da za a sanar. Na ga fuskarta, wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa. A wurinta babu karramawar da ta fi wannan. Ni kuwa na ce mata za mu sake magana.

Na kira Naziru, wani ɗan Dawakin Tofa da suke aiki tare da Zaharaddini, shi ne ma ya shiga kabarin ya kwantar da shi. Na tambaye shi batun giyar, ya ce gaskiya ne. Amma ya rantse mini Zaharaddini bai taɓa kai ta bakinsa ba, bai taɓa aiki a ɗakin gangunan ba, shi dai yana wajen shuka da ban ruwa. Ya ce shi yake jan su salla a bayan rumbun kayan aiki, kuma aiki a gonar giya yana damunsa, har ya fara neman aiki a wata gonar da ake noman inabin ci. Ya ce ya sha cewa zai faɗa mana in ya samu canji.

Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. Wani lokaci haushin yaron nake ji, in ce me ya sa bai gaya mini ba, ni da nake goya shi. Sai kuma in tuna yana cikin ƙasa, in ji kunyar kaina. Baba ya san hadisin da ya lissafo waɗanda aka la'anta a kan giya, ya sha karantar da shi. In ya ji, ina tsoron zuciyarsa ta buga, ko ya sa a kware rufin zauren nan, ko kuma ya rasu yana ganin ɗansa ya mutu a kan saɓo. In na soke tafiyar, me zan ce masa, bayan ita kaɗai ta tashe shi tsaye? In kuma na kai shi na ɓoye, Baba ba ya jin Turanci amma ba makaho ba ne. Ita ma matar ban san yadda zan ƙi kyautarta ba tare da na ci mata fuska ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Yaya zan yi?

Wani yaya daga ƙasar Kunci

*

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan Zaharaddini, ya yafe masa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kana ɗauke da makoki biyu, naka da na mahaifinka, kuma naka ba ka samu sararin yin sa ba. Haushin da kake ji ba rashin ƙauna ba ne. Kada ka tuhumi kanka a kansa, zai wuce.

Matsalolinka uku ne, ka cure su wuri ɗaya shi ya sa suka yi maka nauyi. Ka fara da mai sauƙin, wato matar nan. Ka kira ta a wannan makon, kafin a buga sunan a jikin komai. Ka fara da godiya, domin ta cancanta: ma'aikacinta ya mutu, ba wanda ya tilasta mata neman danginsa a wata ƙasa, amma ta nema. Sannan ka gaya mata kai tsaye cewa a addininku giya haramun ce, sa sunansa a kwalba zai zama ciwo ga mahaifinsa, kuma shi kansa mamacin ba zai so ba. Kada ka tsaya a kan ƙi kawai, ka ba ta wata ƙofa. Ta dasa bishiyar inuwa da sunansa, ko ta kafa famfo inda ma'aikata suke hutawa, ko ta ware musu ɗan wurin salla. Wadda ta yi kuka a kan ɗanku ba za ta nace a kan abin da zai ɓata muku rai ba. Rashin sani ne, kuma kai kaɗai za ka iya sanar da ita.

Na biyu shi ne Baba. Na fahimci dalilinka na son ɓoyewa. Tsoho ne, yana cikin rauni, kuma ba kowace gaskiya ce dole a ɗora wa mai makoki ba. Da a ce babu tafiya, da na ce maka ka bar wa cikinka, ka yi ta yi wa ƙanenka addu'a. Amma akwai tafiya. Zai ga alluna a bakin hanya, zai ga kwalabe, wani zai yi suɓul da baka. Ka kwatanta ya ji daga bakinka a ɗakinsa, da ya gane da kansa a ƙasar da bai san kowa ba, sannan ya juyo ya ga kai ka sani. Na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba.

Saboda haka ka faɗa masa kafin ku tashi, kuma ba ana gobe tafiya ba. Ka zaɓi lokacin da yake shi kaɗai, ya ci abinci, hankalinsa a kwance. Ka fara da shaidar Naziru: yaron yana salla, yana jan wasu, bai taɓa sha ba, yana neman mafita ajali ya riske shi. Bayan nan ka faɗi sauran. In zai yiwu Naziru ya kasance a kan waya, domin Baba zai so ya yi tambaya, kuma shaidar wanda ya gani ta fi taka. Batun sunan a kwalba ba sai ka kawo shi ba in ka riga ka kashe maganar da matar.

Kada ka raina mahaifinka. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar da hadisin la'ana ya san na rahama da na niyya fiye da ni da kai. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya yi kwanaki ba ya magana, mai yiwuwa ma a lokacin ne kukan da ya riƙe zai zo. Ka bar shi ya yi. Hukuncin aikin da yaron ya yi da na rufin zauren kuwa, ni ba malama ba ce, ba zan yi maka fatawa ba. Ku kai wa malami masani mai riƙon sirri, wanda ba ɗan ƙauyenku ba. Mutanen gari ba su da haƙƙin sanin komai a cikin wannan.

Na uku ita ce tafiyar. Shawarata kada ka soke, amma bayan ya ji, ka bar masa zaɓi. In ya ce ya fasa, ka bi shi ba gardama. In ya ce ku je, ka sake tsarin. Ku sauka a cikin gari kusa da masallaci, ba a gidan baƙin gonar ba. Naziru zai san inda za ku samu masauki da abincin halal. Ku fara da maƙabarta, sannan ku gaida limamin da mutanen da suka yi masa sutura, domin ganinsu zai sanyaya wa Baba zuciya fiye da komai. Zagayen gidajen giya ka ce a cire shi gaba ɗaya. Fegin da ya dasa kuwa, in Baba yana so ya gani, ka kai shi da safe kafin baƙi su cika wurin. Itace ne da ganye, kuma hannun ɗansa ne ya sa su a ƙasa. Kafin ku tashi ka kai shi likita a duba jininsa, ka riƙe magungunansa a jakar hannu, ka tambayi masu jirgin game da geron. In sun hana, ku nemi wata tsarabar da za ta shiga, kada ya je hannu rabbana ya ji ya gaza.

Ka kuma faɗa wa matarka. Ba daidai ba ne ka riƙa kwana da wannan kai kaɗai alhali akwai mai taya ka ɗauka.

Idan kun tsaya a bakin kabarin, ka tuna ba Baba kaɗai ka rako ba. Kai ma ƙanenka ne a kwance a wurin, ka yi masa sallama, ka yafe masa shirun da ya yi maka. Allah ya sauƙaƙa maka bakin magana, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa Zaharaddini yana cikin rahamarsa.

Hajiya Aina'u