Na bar asid ya zuba a kan sabulun tsohon ogana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Shekarar da aka hana acaɓa shiga cikin garin Abuja, ina aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wata makarantar kuɗi a Kubwa, ni ke wanke kwalabe, ni ke haɗa asid da soda. Bokona bai wuce sakandare ba, karatuna na allo ne, saboda haka duk abin da na auna a ajami nake rubuta shi cikin wani ɗan littafi, da bisimilla a saman kowane shafi. Malamin kemistiri, mu ce sunansa Malam Haladu, bai taɓa kirana da sunana ba, sai Alaramma. A gaban yara yakan ɗaga littafina ya ce ku zo ku ga layar da ake haɗa asid da ita.

Ga waɗanda ba su sani ba, a jarrabawar fita ana ba yaro asid a dogon bututun gilashi mai lambobi, yana ɗiga shi cikin soda har launi ya juya, sai ya rubuta lambar da asid ya tsaya. Malami ma dole ya yi nasa da safen nan ya rufe a ambulan, da lambarsa ake yi wa yara maki. Ana gobe jarrabawa asid ya kasa, ya ce in ƙara haɗawa, shi ya tafi Kurudu ganin fili. Da safe na gwada sabon haɗin sau uku, 21.8 nake samu, shi kuma 24.5 ya samu shekaranjiya da tsohon haɗi. Ya iso a makare, na ce Oga lamba ta canza, ka sake gwadawa. Ya ce wai yaushe mai wanke kwalba ya fara koya masa aiki, in je in tofa wa asid ɗin addu'a ya koma daidai. Ya rubuta tsohuwar lamba ya manne ambulan.

Yara suka yi aikinsu daidai, sakamako ya fito kusan duk ajin ya faɗi. Iyaye suka cika makaranta. Malam Haladu ya gaya wa mai makaranta da ruwan burtsatse na yi haɗin maimakon tataccen ruwa, kuma ba na iya karanta abin da ke jikin kwalba. Na kawo littafina, ba wanda ya iya karanta shi, ba wanda ya nemi a karanta masa. Aka kore ni. Shekara biyu duk lab ɗin da na je labari ya riga ni. Ban yafe masa ba, ko a sujada na yi ƙoƙari abin ya ƙi.

Daga baya Allah ya buɗa mini, na samu aiki a wani lab a Gudu, inda masu ƙananan masana'antu ke kawo kayansu a gwada. Ina nan shekara da shekaru, shugabarmu, Madam, ba ta sake duba abin da na sa wa hannu. Watan jiya aka kawo sabulun ruwa, na duba takarda, sunan Malam Haladu. Ashe ya bar koyarwa, ya buɗe wurin haɗa sabulu a filin nan na Kurudu, wani otal zai riƙa saye in sakamako ya yi kyau.

Gwajin shi ne a ga ko soda ta yi yawa har ta ci hannu. Ana ɗiga asid har launin hoda ya ɓace, yawan asid ɗin da ya shiga shi ke nuna yawan soda. Launin ya ɓace da wuri, sabulunsa lafiya lau. Ina kallo, hannuna a kan makunnin bututun, ban rufe ba. Na bar asid yana zuba, ruwan da ya riga ya yi fari ba ya tona asirin kowa. Na rubuta babbar lamba a takardar ofis na sa hannu. A littafina kuwa, ƙarƙashin bisimilla, hannuna ya rubuta ta gaskiya, ya saba. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ci tuwo da daɗi.

Otal ya fasa. Mata bakwai da ke yi masa aiki suna zaune a gida.

Ranar Litinin ya zo karɓar ragowar kayansa, ya gan ni. Na shirya wa zagi. Sai ya kira ni da sunana, karo na farko. Ya ce bai yi gardamar sakamakon ba da ya ga sa hannuna, don ya san ban taɓa kuskuren lamba ba, har ta ranar jarrabawar nan. Jiya ya dawo da takarda da ya rubuta da hannunsa, cewa shi ya sa tsohuwar lamba a ambulan, ni ba ni da laifi, kuma ya kai kwafi makarantar. Ya ce, "Na biya ka, ko da saura?" Na ce babu saura. Har yanzu ganinsa na ɓata mini rai, amma hakkina ya fita daga wuyansa.

To ga nawa wuyan. In na buɗe wa Madam littafina, za ta kore ni, wannan karon da gaskiyarta, ina da iyali, shekaruna sun ja. In na ce masa ya sake kawo sabulun in gwada, zai wuce, amma otal ya riga ya ba wani cinikin, ba zai dawo ba sai in lab ya rubuta cewa takardar farko ƙarya ce. Matata ta ce in yi shiru in yi istigfari, ai shi ya fara.

Jama'a, ranar Litinin mai zuwa in ɗauki littafin nan in shiga ofishin Madam, ko in bar shi a aljihu?