Ƙafafun Mama a Venice

Zuwa ga Yaya Assunta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kowa a ƙauye. Albishirinki! Mama ta ce a ƙara mata mako biyu a Venice. Jiya ta hau gadoji har na daina lissafi, ko sanda ba ta riƙe ba. Mun shiga kwalekwale, mun zaga majami'u, ta sha kofi a bakin ruwa. Ƙanenki Saverio ya ce iskar teku ce. Ni kuwa na ce kulawa ce kawai.

Taki, matar ƙanenki,
Ornella

Ornella,

Na gaishe ki. Kulawa, ko? Sannu, likita! Tun rasuwar Baba nake ɗaga matar nan daga gado zuwa kujera. Ko coci, da ke bayan gidanmu, sai na tura ta a keken guragu tana "wayyo gwiwata". Ke kin same ta wata ɗaya, har ta zama barewa. Na ga hoton da kika aiko, ta rungume ki tana dariya. Ni rabon da ta yi mini dariya haka na manta. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ci mini rai. Tumatir ya nuna, ni kaɗai nake dafawa ina ɗurawa a kwalabe. Ki tambaye ta ko tana da wata 'ya.

Ki huta lafiya,
Assunta

Yaya Assunta,

Ina gaisuwa. Haba, Yaya, mene ne abin fushi? Mama ba ta taɓa yin ƙorafi ko sau ɗaya ba. Har mun gyara mata ɗaki, Saverio yana ganin ta zauna da mu gaba ɗaya. Gobe za mu hau hasumiya.

Taki,
Ornella

Ornella,

Gaisuwa. Ku riƙe ta. Zan aiko da kayan sanyinta da maganin da take cewa ɗaci gare shi. A hannunki wataƙila zuma ne.

Assunta

Assunta 'yata,

Ina gaishe ki. Maƙwabciya ce ta jefa mini wannan a gidan waya, Ornella ba ta sani ba. Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Yarinyar kirki ce, amma baƙuwa ce, ina jin kunyar in ce mata na gaji. Ke kaɗai nake iya yi wa raki. Kada ki aiko da komai. Ki zo da keken ki ɗauke ni, kafin su kashe ni da yawo.

Uwarki,
Filomena