Bado Zai Zo, Fata Ba Za Ta Zo Ba

Wara, Jihar Sakkwato
9 ga Maris, 1985

Zuwa ga yayana Wakili,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kuna lafiya kai da iyali a can Ikko. Mu nan sai godiya. Inna ta warware daga ciwon ƙafa, har ta koma bandar kifi tana faɗan da ta saba.

Saƙonka ya iso, na badon da matarka Mariya ke marmari da fatar kyanwar daji da ka yi wa maigidanka alkawari. Bado kam ko buhu goma kake so za ka samu. Tun da tafki ya cika bado ya samu gida, furensa fari fat ya rufe bakin ruwa har masu jirgi na tsaki. Ka cire yau, gobe ya dawo. Amma ruwan da ya yalwata wa bado shi ya cinye kurmin da kyanwar ke kwana. Wanda ya rage manoman albasa sun sare, sai ɗan guntun da ke bayan gonarmu. Kai kana tuna lokacin da sawunsu ke ko'ina, ni kuwa ina nan, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Duk da haka na sa Sule maharbi ya ɗana tarko, don ba na son ka ji kunya. Ya kama ɗaya da ranta, ya kira ni. Mace ce, nonuwanta cike. Sule ya ce shi a gidansu ba a kashe mai shayarwa, kuma rabonsa da ganin wata kyanwar tun kafin shekarun fari. Ya ce in na matsa in nemi wani maharbin. Wallahi Yaya, tausayi ya kama ni, na ce ya buɗe mata. Ta tafi tana ɗingishi, ko waige babu.

Na san ranka zai ɓaci, amma ban yi nadama ba, kuma ba zan sake sa tarko ba. Ka ba maigidanka haƙuri, ka ce ƙanwarka mai taurin kai ce ta hana. Zaginsa zai wuce, amma da mun feɗe ta, da 'ya'yanta sun mutu a rami, shi ke nan an gama da su a Wara.

Ka gaida Mariya, da Basiru da Asabe. Inna da Kawu Jibrin suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Dudu