Ina Jin Numfashi a Bayana

Gwaggo Barakatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa bai ce na zautu ba. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Dayi. A kakar 1984 na binne ɗana Sulemanu yana da shekara biyu. Ciwon haƙarƙari ne, likita ya ce limoniya, ya ce kuma mun makara. Kwana uku yana numfashi sama-sama, da wani ɗan nishi a ƙarshen kowanne. Yaron nan kuwa babu allurar rigakafin da ban kai shi ba, katinsa cike yake taf.

Bana na haifi namiji, muka sa masa Enoch. Ranar wankan farko uwar mijina, da muke kira Tsohuwa, ta ga baƙin tabo a damtsensa na hagu, daidai inda Sulemanu yake da tabon allura. Ta ce shi ne ya dawo, har da shaidarsa. Fasto ya yi mata faɗa, amma har yau Sulemanu take kiransa. Kuma Gwaggo, in ta kira, sai ya waiwaya.

Da lokacin allura ya yi, Tsohuwa ta ce ba a yi wa mutum ɗaya sau biyu, in aka sake soka masa zai yi fushi ya koma. Maigidana yana aikin gurzar auduga a Funtua, ya ce mu mata mu sasanta. Ta ɗauko katin marigayin ta ce da shi zan je. Ni ma tsoro nake ji, na karɓa. Ranar an cika maƙil a asibiti, malamin asibitin ya ga ko'ina a katin a cike, bai lura da shekara ba, ya ce wannan ai ya gama. Na karɓi katin na juyo gida. Watan Enoch biyar ke nan, ko ɗigon rigakafi bai samu ba.

Yau kwana uku ina jin numfashin Sulemanu a bayana. Da rana tsaka fa, ina tsinkar auduga ko ina hanyar rijiya. Shi ne sak, har ɗan nishin. In waiga, ba kowa sai karan dawa. In yaron yana wajen Tsohuwa ba na ji, da na goya shi sai abin ya dawo dab da kunnena. Ta ce abokan tafiyarsa na lahira ne suka biyo sawu. Shi kuwa ya yi shiru, ya rage kama nono, wai sauraronsu yake yi.

Gwaggo, in je in tona maganar katin, ko in bari kada in fusata shi?

Uwar Biyu, Dayi

AMSA

'Yata, ban jira ranar bugu a jarida ba, na mayar da wannan amsa ta hannun matar da ta kawo wasiƙarki.

Babu wanda ke bin ki. Numfashin da kike ji na yaron da ke goye a bayanki ne. Kwance shi yanzu, ɗaga rigarsa, ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. In yana lotsawa ciki duk jan numfashi, ko numfashin yana sauri, ciwon da ya ɗauke wansa ne. Ko ba ki ga komai ba, jaririn da ya rage kama nono na asibiti ne. Ki hau motar farko zuwa Malumfashi, ki aika wa maigidanki daga can. Limoniya tana jin magani in an kai da wuri.

Ban ga laifin tsoron Tsohuwa ba, ita ma jika ta binne, kuma gaskiya ne allura ba ta hana Sulemanu tafiya ba. Rigakafin limoniyar kanta na jarirai bai zo mana ba tukuna. Amma na baƙon dauro da tarin shiƙa suna nan, su ne kuwa sukan raunana ƙirjin yaro har limoniya ta samu hanya. Tabo kuma ana haihuwar yara da shi kullum, ba ya kare kowa daga komai.

Ki faɗa wa likita maganar katin, kunyar ba ta wuce ta minti ɗaya ba. A buɗe sabo da sunan Enoch da ranar haihuwarsa, in ya warware a fara masa daga farko. Tsohon katin ki adana shi, na ɗanki ne da ya rasu.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa takardar nan ta same ku ku biyu.

Gwaggo Barakatu